Cikin da ya kwanta

A gefen Dakoro akwai wani manomi, Isufu, da matarsa Balkisu, da 'yarsu ɗaya tilo, Raudatu. Gero na rumbu, awaki na garke. Abin da suka rasa shi ne haihuwa ta biyu. Raudatu har ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ta samu ƙane ba.

Da Balkisu ta daina ganin wata, ta kuma ji wani dunƙule a ƙasan cibiya, sai gida ya cika da murna. Damina ta wuce, wata ta zo, ciki bai ƙaru ba.

"Kwanciya ya yi," in ji Gwaggo Sharifa, yayar Isufu. "Ɗan nan malalaci ne kamar ubansa. Ku ba shi saiwa, zai tashi."

Aka yi ta jiƙa saiwa. Balkisu na ramewa, tafin hannunta ya yi fari, bayan gidanta baƙi kamar gawayi. Ba ta faɗa wa kowa ba, don mai ciki ba ta yawan ƙorafi.

Ran da ta faɗi a bakin turmi aka kai ta asibiti. Aka ɗauki hoton ciki, aka tura su Maradi. Likitan can ya zaunar da Isufu.

"Malam, mahaifa ba komai. Ƙari ne ya tsiro a naman ƙaramin hanji, yana zubar da jini a ɓoye. Irinsa ba a cika gani ba."

Aka ƙara mata jini, aka yanke inda ya lalace, aka haɗa hanjin. Guntun aka aika Yamai a bincika. Amsa ta dawo: mugu ne, ciwon daji, kuma ya riga ya taɓa hanta.

Ba a gaya wa Raudatu ba. Ta ga dai uwarta ta dawo da ɗinki, ba goyo, ta kuma koma mai gaggawa. Yau a koya mata surfe, gobe kaɗa miya.

"Inna, na gaji. Ba gobe?"

"Ke, riƙe muciyar nan da kyau. Haka za ki ba babanki tuwo da gudaji?"

Raudatu 'yar fari ce, don haka uwarta ba ta taɓa kama sunanta ba, saboda kunya. "Ke" ce kullum. Wata safiya Balkisu na kwance a inuwar iccen bedi, tana kallon yarinyar tana tankaɗe. Ta daɗe tana kallo.

"Raudatu," ta ce, a gaban Gwaggo da kowa. "Zo ki zauna kusa da ni."

Gwaggo ta kau da kai, ba ta yi tsiya ba.

Nan Raudatu ta gane cewa uwarta ba za ta warke ba.