An Ga Haske

Rabi ta kumbura har idanunta sun shige ciki, fitsarinta kuma yana kumfa kamar an kaɗa sabulu. Ubanta Cindo, masunci daga wani tsibiri a tafkin Kainji, ya ɗauko ta a kwalekwale zuwa wani ƙaramin asibiti kusa da Wara. Ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'yansa.

Arzika ne mai duba jini da fitsari a asibitin, kuma Allah ya yi shi da son nuna wa mutane abin mamaki. Yana da wasu baƙaƙen gilasai biyu da yake ɗora wa madubin likita, na'urar ganin ƙananan abubuwa. In ya ɗiga ruwa a kan ɓarɓashin sabulu ya juya gilashin, sai zare-zare su tsiro suna murɗewa kamar tsutsa, suna ƙyalli cikin duhu. A sabulu, wasa ne. Amma ya san in irin wannan ƙyalli ya fito a fitsarin mutum, kitse ne ke yoyo daga ƙoda, ƙodar kuwa ta fara lalacewa.

Da ya duba na Rabi, sai ya ga duhun ya cika da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, wasu har sun miƙe. 

Cindo ya leƙo ta taga. "Malam, mi anka gani?"

"Akwai haske ciki," in ji Arzika, ko kai bai ɗago ba.

"Haske, Malam?"

"Taho ka gani da idonka."

Halin nasa ke nan, ko a irin wannan rana sai ya nuna. Cindo ya sa ido ya daɗe yana kallo, don bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ya ce alhamdu lillahi, amma hankalin Arzika ya riga ya tafi kan motar da za ta kai yarinyar babban asibitin Sakkwato.

"Jira ni nan kan benci," in ji Arzika, ya fita neman shugaban asibitin.

Da ya dawo, ba kowa a kan benci.

"Ai sun tahi," in ji mai ƙosai a bakin ƙofa. "Cewa ya yi an ga haske ga lamarin ɗiyatai. Har ƙosai ya raba sadaka."

Nan Arzika ya gane kuskurensa. Ga masunci, in an ce an ga haske, ai sauƙi ya zo ke nan. Ya ruga bakin ruwa, takalmi a hannu, yana tuna ko sunan tsibirin bai tambaya ba.

Kwalekwalen ya yi nisa. Rabi na kwance a tsakiya, an lulluɓe ta da zane. Arzika ya shiga ruwa har gwiwa, yana ihu yana kaɗa hannu biyu su dawo.

Cindo ya waiwayo ya gane shi. Ya ɗaga abin tuƙi sama ya yi masa godiya, sannan ya ci gaba da tuƙi.