Ba a Gwada Shi a Can Ba

A kamfanin nan na masu rubuta manhaja, aikin Malam Amma shi ne 'yan layukan can ƙasan shafi a littafin bayani, waɗanda ba mai karantawa sai abu ya kwaɓe: "Wannan umarni yana aiki a kan tsarin kwamfuta kaza, amma in an kai shi wani tsarin, ba mu yi alkawari ba." Daga nan sunan ya bi shi. Ko gaishe shi ka yi, "lafiya lau" ɗinsa da wutsiya take zuwa.

Iyalinsa kuwa suna wani gari mai nisa, inda matarsa ke koyarwa. 'Ya'yansa a waya suke girma masa, abin yana cin ransa ƙwarai. Da ya ji reshen kamfani na garin yana neman mutum ɗaya, har rawa ya taka a gaban injin buga takardu, babba da shi.

Matar ta ja masa kunne ta waya. "Don Allah, Baban yara, in manaja ya tambaye ka, ka ce e, ka tsuke bakinka. E kawai!"

Ranar ganawa manaja ya dube shi ta saman tabarau. "Malam, za ka iya aikin can?"

"E, ranka ya daɗe."

Shi ke nan fa, magana ta ƙare! Manaja har ya ɗauki biro. Sai bawan Allah ya ji "amma" na taso masa. Tun da yake, bai taɓa sakin alkawari tsirara haka ba. Ya yi ƙoƙarin danne ta, ina!

"Amma fa a wannan ofishin kaɗai aka gwada ni. Injinansu daban ne, ban san yadda zan kasance a can ba."

Manaja ya ajiye biron a hankali. "Ka ji mai gaskiya! Irinka ai ba a sakinsa." Aka tura wani mai surutu, wanda ya rantse ko a duniyar wata zai iya aiki.

Da yamma ya kira gida, murya a sanyaye, ya faɗa mata duk yadda aka yi. 

"Ba komai," ta ce. "Mun saba. Ɗazu ma da wayar ta yi ƙara, auta ta ruga ta ɗauko ta tana murna, wai Baba ya dawo."