Abin da Fintan Ya Ji Ta Bango

"Ku karkata shi hagu. Hagu na ce, Nuala. Shekara sittin a duniya ba ki san hagunki ba?"

Fintan na zaune a falo da robar iska a hanci yana ba da umarni, ni da 'yarsa Orla kuwa muna tsakiyar matakala da gadonsa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Likita ya ce hawan bene ya ƙare masa, huhun ba zai ƙara ɗauka ba.

"Baba, in ba za ka kama mana ba, ka yi shiru," in ji Orla.

"Ji mai digiri. An karance teku kaf, gado ya gagara."

Bango ɗaya ne tsakanin gidana da nasu, bangon ma ba kauri, in ya yi tari a falonsa ina ji daga kicin ɗina. Tsohon direban bas ne. Tun rasuwar matarsa shi ya riƙe Orla, har ta tafi jami'a a Galway ta karanci kimiyyar teku. A shekararta ta ƙarshe ciwon ya kama shi, duk Juma'a tana hanyar zuwa gida duba shi. Da sakamako ya fito sai ya zo tsaka-tsaki, ba faɗuwa ba, ba kuma irin wanda ake buga wa dangi waya a kansa ba. Wata malamarta ta ce akwai jami'a a Scotland da za ta iya ɗaukarta digiri na biyu in ta gamsar da su a ganawa. Orla ta nema, aka sa mata rana, sannan ta ce ta fasa.

Ko zanen gado ba mu gama shimfiɗawa ba ya tayar da zancen.

"Ni na cinye mata karatun, Nuala. Yarinya na jinya a asibiti, yaushe za ta buɗe littafi?"

"Ba inda za ni in bar ka," in ji Orla.

"Ni ne zan bar ki, ai kin ji likita."

Ta ɗauki kofunan shayi ta shige kicin.

Wata ranar iska muna shanya, shinge a tsakaninmu, ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba, "Kowa na cewa ciwon Baba ne. Nuala, tun yana da lafiyarsa makina kenan. Na yi karatu kamar in mutu. Wasu su yi yawonsu su zo su wuce ni. Iyakata ce kawai."

"To in iyakarki ce, me ya sa malamar ta ce ki nema?"

"Tausayi." Ta matse rigar uban ta rataya. "Yanzu ko ba komai ina da abin fakewa. In na je can na kasa, da me zan fake?"

Na ci gaba da shanyata. Ni aji shida na gama na shiga aikin kanti.

Bayan kwana biyu ta tafi kemis, na zauna da shi. Ya rame sosai, agogonsa na yawo a hannu. Na yi niyyar in riƙe mata sirri, sai shi ya riga ni.

"Ta faɗa miki ba laifina ba ne, ko?"

Na gyara masa bargo.

"Na sani. Ni nake buɗe sakamakonta tun tana firamare. Orla ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, ba kuma za ta zo ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ina cewa ni ne don ta sami inda za ta sauke kayan. Ashe ɗaure ta na yi."

"To ka faɗa mata mana."

"Zan faɗa. Ni ba farfesa nake nema ba. Ke dai kin taɓa ganinta a bakin ruwa in teku ya janye? Sai an yi mata tsawa take tuna abinci."

Ya faɗa mata ɗin, da yammacin nan. Na jiyo muryoyinsu, na ƙara sautin rediyo don kada in ji. Washegari Orla ta shigo da idanu a kumbure, ta ce ko zan ara mata kicin ɗina ranar Talata, za a yi ganawar ta kwamfuta, injin iskar Baba kuma ƙara gare shi.

"Ba wai na yarda zan tafi ba," in ji ta. "Ya ce in bari su da kansu su ƙi ni, kada in yi musu aikinsu."

Ranar Litinin fada, limamin cocinmu, ya zo ya shafa wa Fintan man addu'a irin na masu jinya. Nas ta ce yana iya kaiwa ƙarshen mako. Talata da hantsi Orla ta sa farar riga mai kyau a sama, a ƙasa kuwa wandon zaman gida da silifa, tunda iya kafaɗa za a gani. Ta sumbaci goshin uban.

"In sun tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba," in ji shi. "Kada ki yi irin ta uwarki."

Ta yi dariya ta fita. Na ja kujera kusa da shi.

Da farko muryar Orla na fitowa ta bango a tsinke, ta yi magana ta tsaya. Can sai ta miƙe. Ba a jin kalmomin sosai, amma na gane ta shiga zancen ciyawar teku, don haka take sauri in ta shiga, har tana katse kanta. Fintan ya juyar da kansa wajen bango.

Sai numfashinsa ya canza. Na san wannan numfashin, na ji shi a bakin mijina ranar da ya rasu. Na miƙe.

Ya kama hannun rigata. Ƙarfin bai kai na jariri ba.

"Ƙyale ta."

"Fintan, za ta so ta..."

"Ina jin ta. Rage injin nan."

Ban rage ba, na dai tura shi nesa da gadon iya tsawon robar. Na zauna na riƙe hannunsa. Taku goma ne zuwa ƙofata, na yi ta duban hanyar, ban tashi ba. A can Orla ta faɗi wani abu, wani namiji ya yi dariya a kwamfuta, ita ma ta yi. Bakin Fintan ya motsa kaɗan. Ya ja numfashi, ya daɗe bai sake ba, ya ja wani. Daga nan bai ƙara ba.

Na rufe masa ido, na kashe injin, na buɗe taga kamar yadda ake yi a wajenmu in an yi rasuwa. Da falon ya yi tsit sai muryarta ta fito tas. Na zauna ina sauraro har ta yi godiya ta yi sallama.

Sun ɗauke ta, da sharaɗin ta fara da wasu darussa na share fage, ta kuma tafi da kaka ta kama. Amma a ranar ba wanda ya san haka.

Ta shigo da kwamfutar a hammata, fuskarta ja. Shirun injin ta fara ji. Ta tsaya a ƙofa.

"Yaushe?"

"Kina tsakiyar magana. Na tashi in kira ki, ya hana."

Ta dube ni. Na ɗauka za ta yi mini faɗa, na kuma shirya karɓa.

"Ya ji ni?"

"Ya ji."

Ta ajiye kwamfutar a ƙasa, ta zauna a bakin gadon, ta zare robar daga hancinsa a hankali, ta gyara masa gashi da yatsu.

"Tambaya ɗaya ce ta gagare ni, Baba," in ji ta. "Na ce musu ban sani ba."

Na shiga kicin na ɗora ruwan shayi. Ina tsaye ina jiran ya tafasa, ita kuwa tana can tana jero masa sauran tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, da amsar da ta ba kowacce.