Kafaɗar Mai Nasara

An ɗaga makarar Modu daga ƙofar gida ke nan sai ga Mai Nasara ya kutso cikin jama'a da kakinsa na aiki, ya sa kafaɗa a kusurwar gaba. Alkasum, wanda zana ɗaya ce ta raba gidansa da na mamacin, ya dube shi, ya dubi sauran majema.

Mai Nasara shi ke tsaron ƙofar asibiti. Da hantsin ranar nan Alkasum ya ɗora Modu a jaki ya kai shi can, yana tari har da jini. Mai Nasara ya toshe hanci da hannun riga, ya ce warin jima zai tayar wa lokotoro, wato likita, zuciya, su koma bayan layi. Matan ma'aikatan kumandan, mai mulkin garin, suka yi ta shigewa. Alkasum ya roƙa, har ya tuna masa unguwa ɗaya suka tashi, Mai Nasara ya ce ai ba shi ya sa su sana'ar fata ba. Modu ya cika a gindin katanga, kansa a cinyar Alkasum, ƙudaje na bin bakinsa.

A Damagaram ba a barin mutum da makara. Taku kaɗan wani ya karɓe ka, kowa ya sami ladarsa. Haka aka yi ta yi a kusurwa uku. Ta Mai Nasara kuwa ba wanda ya matsa.

Wani baƙo ya miƙa hannu zai karɓa, Alkasum ya riƙe masa gefen riga.

Tsoho Kolo, babban majema, ya raɗa wa Alkasum cewa ya tuna da Rabi. 'Yar Alkasum ke nan, wadda ita ma tari ya kama tun kaka, kuma gobe uwarta ke shirin kai ta ƙofar nan. Alkasum ya san ƙofar ɗaya ce duk garin, mai tsaronta ma ɗaya ne. Amma bai saki rigar ba.

Hanyar maƙabarta ta bi ta tsakanin duwatsu, rana ta take. Kakin ya jiƙe sharkaf. Mai Nasara ya gyara kafaɗa, ya waiga dama, ya waiga hagu, kowa idonsa na ƙasa. Ajiye gawa a hanya kuwa abin kunya ne da zai bi shi har jikoki.

"Malam Alkasum," ya ce, "don Allah karɓe ni."

Alkasum ya matso har kafaɗarsu ta haɗu.

"Yana wari ne?"

Haka Mai Nasara ya kai Modu bakin kabari. Da aka sauke, ya zube kan wani dutse, ba wanda ya miƙa masa buta.

Bayan la'asar Alkasum ya shiga gida. Rabi na kwance a tabarma, tarin na girgiza ta. Uwarta ta wanke mata zanen fita ta shanya a igiya. Ya tsuguna a bakin randa da sabulu, ya cuɗa hannuwansa har gwiwa, ya sunsuna, ya sake cuɗawa.