Layi na Huɗu a Allon Mazaɓa

Allon ya daɗe a rataye a ofishin mazaɓa, tsakanin taga da wata fanka da ta daina juyawa. Duk wanda ya taɓa wakiltar mazaɓar a majalisar jiha, sunansa na kai da shekarun da ya yi. Fentin ya ɓare, shi ya sa sabuwar 'yar majalisa ta aika a kira mai rubutun alluna, wanda duk unguwa ke ce wa Alƙalami, ya sabunta shi, ya ƙara sunanta a ƙasa.

Ya kwantar da allon a kan tebur biyu, ya kankare tsohon fenti, ya shafa sabo, ya ja layuka da zare da alli. Layin farko likitan dabbobi ne, zango biyu. Na biyu mai gidan burodi, wanda ya sauya jam'iyya sau uku bai taɓa sauya kujera ba. Na uku wani lauya da ya rasu wata bakwai da rantsuwa. Duk ya rubuta su yana 'yar waƙa. Da ya iso layi na huɗu, na ɗan kwangila, sai hannu ya ƙi.

Shekara ashirin da shida ke nan. Yana saurayi aka ɗauke shi aikin zaɓe saboda kyan rubutunsa. Bayan an gama ƙidaya a wani ajin makaranta, wani babban jami'i ya miƙo masa sabuwar takardar sakamako, ya ce ta farkon ta jiƙe, ya shiga karanto masa lambobi. Alƙalami ya san ba su ba ne, don shi ya rubuta ta farkon. Amma ya rubuta. Ba a saye shi ba, ba a yi masa barazana ba, kuma wannan ne ya fi cin sa: nauyin babba kawai ya ji, ya kasa cewa a'a. Ɗan kwangilar nan aka ba nasara. Wanda aka kayar ranar nan shugaban makarantar firamare ne, Hedimasta. Ya je kotu, kotu ta ga takarda tsaf ba gogewa ko ɗaya, ta kori ƙarar. 'Yar majalisar da ta ba shi wannan aiki kuwa 'yar Hedimasta ce ta cikinsa.

Ta shigo da fayil a hannu, ta leƙa allon.

"Baba Alƙalami, fenti ne ya ƙare ko tsufa ne ya zo?"

"Ranki ya daɗe, da tsufan ne da sauƙi."

Ya ajiye burushi, ya faɗa mata komai, idonsa a kan gwangwanin fenti. Ya san bayan yau da wuya ta sake amsa gaisuwarsa, kuma labari ba ya kwana a unguwar nan.

Ta dubi allon. Can ta ce, "Ka san shekara biyu Baba bai bi ta wannan titin ba? Zagayawa yake yi." Ta ajiye fayil ɗin. "Ba ni ka yi wa ba. Wanke hannunka mu je."

Sun tarar da tsohon a baranda, rediyo a cinya, tabarau a goshi.

"Kai, Alƙalami! Har yanzu kana nan kana ɓata wa mutane bango?"

Alƙalami ya durƙusa, ya sake jero labarin. Tsohon ya kashe rediyo, ya saurara har ƙarshe.

"To ai na sani," in ji shi.

"Ka sani, Baba?" in ji 'yarsa.

"Wa ya koya masa rubuta bakwai da 'yar sanda a tsakiya? Ni ne, a aji uku. Ana ɗaga takardar nan a kotu na gane hannun ɗalibina."

"Malam, me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa su ɗaure ka, mai karanto maka lambobi yana gida yana shan iska? Na dai ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Sai na ce bari in ga ranar da zai zo da ƙafarsa. Ban ɗauka sai haƙorana sun zube ba."

Alƙalami ya share ido da gefen riga. "Malam, layin nan na huɗu ban rubuta ba. Sunanka zan sa."

"Ji min mutum! Ka yi ƙarya ɗaya da kyakkyawan rubutu, yanzu za ka wanke ta da wata. Ni na zauna a kujerar? Ɗan kwangilar ne ya zauna. Har asibitin haihuwa ya gina, ko da yake rufin yana yoyo. Sa sunansa."

"To ni ina zan kai abin nan da ke ƙirjina?"

Tsohon ya dubi 'yarsa. Ta shiga ciki ta fito da takarda da biro.

"Rubuta yadda aka yi, ka sa hannu," in ji ta. "Zan manna ta a gefen allon, duk mai karanta sunaye ya karanta ta. Kuma in za a horar da sababbin ma'aikatan zaɓe, kai za ka fara yi musu magana. Ka iya?"

Ya yi tunanin maƙwabta, da abokan hira, da jikokinsa da za su karanta. Ya karɓi biron, ya ɗora takardar a gwiwa. Ya fara rubutu, baƙaƙen suna hawa suna gangarowa.

Hedimasta ya sauko da tabarau, ya leƙo.

"Tir! Ko ɗan aji ɗaya ya fi wannan. Ci gaba, ɗana, muna jira."