Haƙorin Gwaggo Tani

Abdulghaffar na kwance rabinsa a ƙarƙashin gado yana lalube lokacin da matarsa Maimuna ta shigo da shayi. Ya riga ya zazzage akwatin tsabobinsa a kan darduma, ya ɗaga katifa, har cikin takalmansa ya leƙa.

"Abu Salihu, me ya ɓace?"

"Ƙaramar," ya amsa daga can ƙasa. "Dala ɗaya ta 1861."

Maimuna ta san ta sarai, don saboda ita suke hawa tasi. Abdulghaffar haifaffen Jidda ne, ma'aikaci a wani kamfanin jiragen ruwa, kuma tara tsofaffin kuɗin zinariya na Amurka ya zame masa ciwo. Wadda ta ɓace ɗin ba ta fi farcen yatsa girma ba, amma an buga ta ne a wani ƙaramin gari a farkon yaƙin basasarsu, bayan 'yan tawayen kudu sun ƙwace gidan buga kuɗin. Kaɗan ne irinta suka rage a duniya. Sai da ya sayar da motarsa kafin ya mallake ta.

"To ai kai ka ba Gwaggo ita," in ji Maimuna.

Wajen fitowa ya ƙwale kansa da ƙarfen gadon. Gwaggo Tani ƙanwar mahaifinsa ce, ta zo umra daga Katsina ta sauka wurinsu a unguwar Ruwais da ke Jidda. Jiya bayan la'asar ya jera mata tsabobin a faranti don ya burge ta.

"Ni cewa na yi ta duba."

"Ba duba ka ce ba, ɗiba ka ce. Ina tsaye. 'Tafaddali Gwaggo, ki ɗiba.' Sai aka kira ka a waya ka fita."

Abdulghaffar ya san halin Hausarsa: yana jin komai, amma in ya buɗe baki rabi Larabci ne, sauran kuma sai yadda ta faɗo.

"Baiwar Allah kunya ta ji," Maimuna ta ci gaba. "Ta daɗe tana zaɓe, ta ɗauki mafi ƙanƙanta don kada ta yi maka ɓarna."

"Tana ina?"

"Tun safe ta tafi unguwar Bani Malik wajen mai sa haƙori. Ta ce ba za ta koma Katsina da baki fari ba."

Da jallabiyar barci ya tare tasi. Duk hanya yana ce wa direba yalla, wato ya yi sauri, direban na nuna masa jerin motocin da ke gabansu.

Shagon na saman wani bene ne, ɗan ƙuƙut, yana warin gas. Ya tarar da Gwaggo zaune a kan benci, bakinta a rufe, hannunta riƙe da madubi. Ya ɗan ji sanyi a ransa, a zatonsa ba a fara aikin ba. Sai ta ɗago kai ta gan shi, ta yi murmushi.

Ga dalarsa nan a haƙorin sama, gefen dama, tana ƙyalli.

"Zinariya ce mai kyau," mai shagon ya gaya masa da Larabci. "Ba ta yi gardama ba ko kaɗan."

"Ba sauran komai?"

"Halas, duk ta ƙare."

"Zo nan, ɗana," in ji Gwaggo. Ta kama hannunsa ta riƙe. "Allah ya yi maka albarka. Shekarata nawa ina son wannan abu, ban taɓa gaya wa kowa ba. Akwai ma hoton wata mata a jiki da gashin tsuntsu a ka, na ce ya narke ta da kyau, ni ba na salla da hoto a baki."

Abdulghaffar ya buɗe baki zai yi bayanin yaƙin basasa da 'yan tawaye da motarsa. Ya ga tsohuwar ta sake ɗaga madubi tana karkata kai kamar amarya, idanunta sun ciko da ƙwalla. Ya haɗiye maganar.

"Ya yi miki kyau, Gwaggo."

A tasi suna komawa, ta kwance bakin mayafinta ta ciro goro, ta ɓare, ta kai baki. Bai san lokacin da ya riƙe mata hannu ba.

"Gwaggo," ya ce a hankali, yana auna kowace kalma kafin ta fito, "don Allah ki riƙa tauna da ɗaya gefen."