Albasar Inna Dudu

Shekarar da ruwan tafkin Kainji ya cinye tsibirinsu, aka tashe su zuwa sabon gari a kan tudu kusa da Warra, albasar Inna Dudu ta ƙi yi. Ta dasa sau biyu, duka suka yi rawaya suka kwanta.

Ɗanta Tanimu ya dawo hutu daga kwalejin horon malamai tare da abokinsa Yohanna, dukansu a shekarar farko suke, sun fara karatun kimiyya. Inna ta gaya masu abin da kowa ke faɗi a gari: masu dam sun zuƙe ƙarfin ruwan sun yi lantarki da shi.

Yohanna ya tuntsire da dariya. "Inna, ai wannan camfi ne! Ruwa ruwa ne."

"To, ɗan boko," in ji ta, "mi ya kashe mani albasa?"

Tanimu ya ce wa Yohanna, "Ka gani? Ita tana da albasar da ta mutu a gabanta. Mu dariya kawai muke da ita. Mu gwada mana."

Suka samo tsofaffin kasake huɗu. Biyu suka cika da ƙasar tudu, biyu da baƙar lakar bakin tafki. A kowace ƙasa, kasko ɗaya na shan ruwan tafki, ɗaya ruwan rijiya. Inna ce ta yi dashen da hannunta, don kada a ce rashin iyawarsu ne. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tsokanar malaman kasko.

Bayan mako uku, kasaken tudu duka biyu sun yi yaushi. Na laka kuwa sun miƙe kore shar, har wanda ke shan ruwan tafkin ya ɗan fi tsawo.

Inna ta tsuguna ta murza lakar a yatsunta, ta daɗe tana kallo. Sai ta kwashe da dariya har da tafi.

"Ashe wanga ruwa bai da laifi! Ƙasar ce ba tamu ba."

"Ni ma ban san ƙasar ce ba, Inna," in ji Yohanna.

Washegari da safe ta tasa su a gaba zuwa bakin tafki, kowa da fartanya, mata biyar na biye da ita. Kafin hantsi sun ja fangalin dashen albasa goma sha biyu, ɗaliban nan laka har gwiwa, Inna tana ta gyara masu layi.